Jarrabawar Janairu da Bashin Walima: Shekaruna na Karatu a Alƙahira

An haife ni a watan Janairu, kuma duk wanda ya yi karatu a Masar ya san cewa babu watan da ɗalibi yake shiga ƙunci a cikinsa kamar wannan, domin a cikinsa ake rubuta jarrabawar zangon farko, a cikinsa kuma sanyin Alƙahira yake kai matuƙa. A gidanmu ba a taɓa yi wa kowa bikin zagayowar ranar haihuwa ba. Mahaifiyata ba ta lissafi da watan Bature, abin da ta riƙe kawai shi ne ta haife ni cikin hunturu, bayan an gama kai amfanin gona gida. Don haka lokacin da na bar Katsina a ƙarshen daminar 2015 zuwa Jami'ar Azhar domin karatun harshen Larabci, ranar haihuwata ba ta cikin abubuwan da nake tunani. Abin da ya cika mini zuciya shi ne nauyin da mahaifina ya ɗauka kafin ya haɗa kuɗin jirgi da na guzuri, da kuma tsoron kada in koma gida ba tare da abin da aka tura ni nema ba.

Na sauka a Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban Afirka da na Asiya suka yi yawa a cikinta saboda sauƙin kuɗin haya. Gidanmu yana hawa na huɗu a wani bene marar lif, mu shida muke ciki: ni da wani ɗan Zariya wanda ya girme mu duka, yana karatun digiri na biyu, sai ɗan Damagaram, da ɗan Maraɗi, da wani da ya taso a Zangon Kumasi, da wani ɗan Chadi da yake jin Hausa sosai domin mahaifiyarsa Bahaushiya ce. Ɗan Zariyan muke kira Yaya, shi ne kuma mai riƙe da kuɗin haya da na cefane, shi ne mai magana da mai gida da mai gadin bene, domin shi kaɗai ne a cikinmu ya ƙware a Larabcin titi. Wannan Larabci shi ya fara ba ni wahala. Na zo da Larabcin littafi wanda na koya a zaure da makarantar Islamiyya, amma a motar haya da kasuwa sai na tarar ana haɗiye wasu haruffa, ana juya wasu, har sai da na ɗauki watanni kafin in iya cinikin tumatir ba tare da nuni da yatsa ba.

Kwalejinmu tana Darrasa, dab da tsohon masallacin Azhar wanda aka fara gina shi a shekarar 970, aka kuma fara salla a cikinsa a 972. Idan an tashi daga lacca nakan shiga masallacin in zauna a ɗaya daga cikin da'irorin karatu da ake yi kyauta ga duk mai so, kuma ranar da wani dattijo ya gaya mini cewa tun ƙarnonin baya akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban ƙasar Barno a wannan masallaci, sai na ji baƙuncin ya ragu a raina, domin ashe hanyar da na biyo an daɗe ana bin ta daga ƙasashenmu.

Tsarin jarrabawar kuwa ba ya barin ɗalibi ya yi sakaci. Kowane darasi yana da littafin da aka wajabta, wanda ake kira muƙarrar, kuma mafi yawan makin shekara yana rataye ne a kan abin da mutum ya rubuta a zauren jarrabawa. Akwai ta baki, akwai ta rubutu. A ta baki malami zai ɗauko farkon aya ya yi shiru, kai kuma ka ci gaba daga inda ya tsaya, ko ya jefo maka baiti daga Alfiyyar Ibnu Malik, waƙen da ya tattara ƙa'idojin nahawun Larabci, ya ce ka yi bayanin ƙa'idar da ke cikinsa. Sakamako yana fitowa ne a matakai, daga sama zuwa ƙasa: mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu zai wuce aji na gaba yana ɗauke da su, amma wanda ya faɗi fiye da haka zai maimaita shekara sukutum, kuma maimaita shekara a ƙasar waje yana nufin ƙarin kuɗin haya, da ƙarin sabunta takardar izinin zama, da ƙarin shekara guda ta kewar gida. Wannan ne ya sa da zarar Disamba ta raba, sai unguwar ta yi tsit, filin da ake buga ƙwallo da yamma ya zama wayam, shagunan kwafin takardu kuma su cika maƙil da masu neman taƙaitattun darussa.

Yaya yana da tsarin da ya gada daga waɗanda suka riƙe gidan kafinsa, kuma a daren farko na makonnin bita ya tara mu ya karanta mana shi. Bayan sallar asuba babu mai komawa barci sai an yi muraja'ar hadda, kowa yana saurarar ɗan'uwansa. Wayoyi ana tara su a cikin wani kwanon silba da ke kan firij tun daga isha'i har zuwa lokacin kwanciya. Girki bi da bi ne, amma wanda yake da jarrabawa gobe an ɗauke masa, wani ya karɓa. Sai kuma asusu: kowa yana jefa ɗan abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, ana rubutawa a wani ƙaramin littafi, ba a taɓa kuɗin sai an rubuta takarda ta ƙarshe. A bayan wannan littafin ne Yaya ya rubuta ranar haihuwar kowannenmu, ya kuma ce duk wanda tasa ta faɗo cikin jarrabawa, gida ya ci bashinsa, za a biya shi ranar da aka ajiye alƙalami.

Ba kowa ya amince da wannan sashe ba. Ɗan Maraɗi ya ce shi bai ga asalin bikin ranar haihuwa a addini ba, koyi ne da wasu al'ummu, kuma ba zai zauna inda ake kunna kyandir ana waƙa ba. Ɗan Kumasi ya kawo masa cewa Darul Ifta, wato hukumar ba da fatawa ta Masar, ta halatta shi matuƙar babu saɓo a ciki, domin godiya ce ga Allah a kan ni'imar rayuwa. Muhawarar ta yi tsawo, kowa yana jawo hujjarsa, kuma dukansu ɗaliban ilimi ne da suka san abin da suke faɗa. Yaya bai yanke hukuncin wanda ya fi gaskiya ba. Abin da ya yi shi ne ya cire duk abin da ake jayayya a kansa: babu kyandir, babu waƙa, babu kiɗa. Abin da ya rage shi ne addu'a, da abinci, da fita tare. Ɗan Maraɗi ya ce in dai walimar gama jarrabawa ce zai ci, zai kuma yi wa ɗan'uwansa addu'a kamar yadda yake yi masa kullum. Har muka rabu bai sauya ra'ayinsa ba, mu ma ba mu nemi ya sauya ba, kuma ban taɓa ganin ranar da wannan saɓani ya hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Ranar haihuwata ta farko a can ta faɗo ne a jajibirin jarrabawar nahawu. Ina zaune a ƙasa na naɗe da bargo, da safa biyu a ƙafa, domin gidajen Alƙahira an gina su ne don zafi, idan dare ya yi a Janairu sanyi yakan sauko kusan digiri goma, tayil ɗin ɗaki ya yi kamar an zuba masa ruwa. Ina fama da babukan nahawu biyu da ake kira hali da tamyizi, idanuna sun yi ja, kaina ya ɗauki zafi, sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ne ya shigo riƙe da kofin shayi mai madara, sauran suna biye da shi, ɗan Chadi yana ɗauke da ƙaramin faranti na basbusa, wato wani zaƙi da ake yi da garin alkama mai tsaki-tsaki a jiƙa shi da ruwan sukari, wanda ya sayo a shagon bakin titi. Yaya ya ce, "Ƙanena, rufe littafin nan na ɗan lokaci. Yau Allah ya ƙara maka shekara, ba za mu bari ta wuce ba mu roƙa maka albarka ba." Suka zauna a kan tabarma, aka karanta Fatiha, aka yi wa iyayena addu'a da sunan garinmu, aka roƙa mini buɗi a jarrabawar gobe. Ba a yi kwata na awa ba suka miƙe. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni sharuɗɗan hali, na lissafo masa, ya gyara mini ɗaya, sannan ya ce in kwanta kafin sha biyu.

Ban iya ci gaba da karatu nan take ba, domin hawaye ne suka zubo mini. Tun zuwana ƙasar ban ji wani ya ambaci mahaifiyata a cikin addu'a ba sai a wannan dare, kuma ban san irin kewar da na tara ba sai da aka taɓa wurin. Na yi barci mai nauyi irin wanda na daɗe ban samu ba, na kuma shiga zauren jarrabawa da natsuwa.

Da aka gama takardar ƙarshe, aka buɗe asusu. Mun yi tuwon shinkafa, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa tuwo da shinkafar Masar ya san cewa gajeren ƙwayarta mai danƙo kamar don tuwo aka halicce ta. Miyar lalo muka yi, domin ganyen da Misirawa ke kira mulukiyya suna ji da shi, shi ne dai lalonmu na gida, sai muka sa masa daddawar da aka aiko wa ɗan Damagaram da yajin da na zo da shi. Zoɓo kuwa ba ya wahalar samu, ana sayar da shi a kowane shagon kayan ƙamshi da sunan karkade. Muka kira maƙwabtanmu 'yan Indunusiya na hawa na biyar, suka sauko da shinkafa rawaya wadda suke dafawa a ranakun farin ciki. Bayan la'asar muka hau mota zuwa lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan wani tudu da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana matsayin juji. Daga samansa mutum yana hango hasumiyoyin tsohon birni da ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali, kuma muna nan aka kira magariba, kiran salla ya tashi daga kowace kusurwa a lokaci guda. Na yi watanni ina wucewa ta gefen wannan lambu a motar haya, kaina a cikin littafi, ban taɓa sanin abin da ke bayan katangarsa ba.

Daga wannan shekara fita bayan jarrabawa ta zama abin da muke jira, kuma Yaya ya tsara ta yadda ba za ta ci kuɗi ba. Mun bi titin Mu'izz da ƙafa daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, ƙofofi biyu na tsohon birni, muka shiga ginin Sarki Ƙalawun wanda ya haɗa makaranta da asibiti tun ƙarni na 13. Mun je Fusɗaɗ muka yi salla a masallacin Amru ɗan As, masallaci na farko da aka gina a Masar. Mun ziyarci ƙabarin Imamu Shafi'i wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan hijira, kuma tsayuwa a wurin ya sa saɓanin mazhabobin da muke haddacewa don jarrabawa ya zama maganar mutanen da suka rayu a gari, suka koyar, suka rasu. Abincinmu a irin wannan fita koshari ne, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, wanda yake ƙosar da mutum da kuɗi kaɗan. Wani lokaci mukan haɗa kuɗi mu hau faluka, jirgin ruwan da iska ke turawa, mu zaga Kogin Nilu kafin faɗuwar rana. Babbar fitar hutun tsakiyar shekara kuwa ita ce baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969, yake kuma buɗewa a ƙarshen Janairu daidai lokacin da muke ajiye alƙalami. A nan ne ake biyan cikon bashina, domin kyautar ranar haihuwa a gidanmu littafi ce, mai ranar ya zaɓa, asusu ya biya.

Shekara ta biyu ta zo da tsanani. A watan Nuwamba na 2016 gwamnatin Masar ta saki fam ɗinta ya nemi darajarsa a kasuwa, farashin sukari da mai da shinkafa ya yi tashin gwauron zabo, ita ma naira a gida ta faɗi a wannan shekara, sai abin da Baba ke aiko mini ya daina kai ni ƙarshen wata. Ɗan Kumasi ya ba da shawarar a dakatar da asusu, a mayar da kuɗin cefane. Yaya ya ƙi. Ya ce a rage abin da ake jefawa, a bar nama a koma wake da gurasa, amma kada a soke ranar fita, domin ko jakin dako ana sauke masa mangala idan ya kai masauki. A wannan shekarar walimata ta kasance wake da ƙwai da shayi, fitar kuma da ƙafa muka yi yawancinta, amma an yi.

Na fahimci dalilin dagewarsa ne daga abin da ya faru a benen da ke kallon namu. Akwai wani yaro mai hazaƙa da yake zaune shi kaɗai a ɗaki, ba ya zuwa wurin kowa, ba ya karɓar gayyata, kullum yana cewa bai zo Masar don wasa ba. Cikin jarrabawar wata shekara barci ya ƙaurace masa, ya daina cin abinci, ya fara zargin cewa ana bin sa, har sai da ƙungiyar ɗalibai ta kai shi asibiti, daga baya aka haɗa kuɗi aka mayar da shi gida. Ban ce rashin fita ne kaɗai ya jawo masa ciwon ba, domin cuta daga Allah take kuma tana da sabubba da yawa, amma da yana cikin mutanen da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa, da an lura da halinsa tun da wuri. Na kuma ga kishiyar haka: samarin da suka mayar da kowace ranar haihuwa dalilin kama wurin shaƙatawa da kwana a waje, ko da gobe akwai takarda, suna cin bashi don a ga hotunansu. Wasu daga cikinsu sun maimaita shekara har kuɗin iyayensu ya ƙare. Duka ɓangarorin biyu na san su da fuska, kuma har yau ina jin zafin abin da ya same su.

Hoto ya taɓa jawo mini magana a gida. Bayan jarrabawar shekara ta uku mun je dalar Giza, inda katin ɗalibi ya rage mana kuɗin shiga, muka tsaya a gindin babbar dalar da aka gina kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, aka ɗauke mu, ɗaya daga cikinmu ya sa a Facebook. Wani kawuna ya gani ya kai wa mahaifina. Da dare Baba ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Kai, karatu na tura ka ko yawon buɗe ido?" Na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka. Mun gama jarrabawa ne kafin mu je, kuma kuɗin daga asusun da muke tarawa ne, ban taɓa na makaranta ba." Ya yi shiru, sannan ya ce zai jira sakamako. Da ya fito na samu jayyid jiddan, na ɗauki hoton takardar na aika masa tare da hoton shafin littafin asusu inda aka rubuta abin da kowa ya jefa da abin da aka kashe. Bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai a kiran da ya biyo baya ya tambaye ni ko gaskiya ne duwatsun dalar sun fi mutum tsawo.

Ban ga laifin Baba ba ko kaɗan, domin wanda ya hana kansa don ya ciyar da ɗa a wata ƙasa yana da haƙƙin ya tambaya. Abin da nake roƙon iyaye shi ne su tambayi ɗansu da wa yake zaune, wa yake tashinsa da asuba, wa zai sani idan ya kwana bai ci abinci ba. Hoton yini guda ba ya nuna makonnin da aka shafe ana zaune a kan tayil mai sanyi, kuma ɗalibin da ba a taɓa ganin hotonsa a ko'ina ba, ba lallai ne ya fi kowa zaman lafiya ba.

Jarrabawar zango na biyu tana da nata nauyin, musamman a 2018 da 2019 da ta haɗu da azumi a cikin zafin watan Mayu. Mukan yi karatu bayan tarawihi har zuwa sahur, mu ɗan runtsa, mu tafi zauren jarrabawa da ƙishirwa. Idan girki ya gagara mukan sha ruwa a teburan da masu hali ke shimfiɗawa a bakin titi don ciyar da duk mai azumi, waɗanda ake kira ma'idatur Rahman. Ɗan Damagaram ne ranarsa ke faɗowa a wannan lokaci, sai mu yi masa addu'a a kan dabino da zoɓo, bashinsa kuma ya jira bayan salla. A ɗaya daga cikin waɗannan shekaru mun biya shi da tafiya Iskandariyya a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, inda ya ga teku karo na farko a rayuwarsa.

Yaya ya kammala karatunsa ya koma Zariya kafin shekarata ta ƙarshe, ya bar mini makullin gida da littafin asusu. A Janairun 2019 ni ne na tara sababbin ɗalibai biyu da suka maye gurbin waɗanda suka tafi, na karanta musu tsarin, na tambayi ranakun haihuwarsu na rubuta. Ɗaya daga cikinsu bai san ranar ba sai shekara, saboda haka muka sa masa ranar gama jarrabawar zangon farko. A wannan shekarar aka mayar da baje kolin littattafai sabon wurinsa a Tajammu'ul Khamis, nesa da inda muka saba, muka yi doguwar tafiya a mota muka saya masa ƙamus. Da na karɓi shaidar kammalawa a ƙarshen wannan shekarar karatu, na miƙa littafin ga ƙanen ɗan Maraɗi, wanda ya zo bayan yayansa, na nuna masa shafin da ke ɗauke da sunayen waɗanda gida bai gama biyan bashinsu ba, da ragowar kuɗin da ke cikin asusu.